Neman shawara: taya ɗakin otal a intanet da yawon ganin Washinton

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan harka. Surukata ta kawo mana ziyara nan Amurka, kuma kafin ta koma muna so mu kai ta Washinton ta ga gari, tunda yara suna da hutun makaranta a farkon Afrilu. Mu biyar ne: ni, da maiɗakina, da Hajiya, da yara biyu, mai shekara 9 da mai shekara 4. Kwana huɗu muke so mu yi, kuma da mota za mu tafi.

Farashin otal ɗin da na gani a tsakiyar gari ya fi ƙarfin abin da na ware. Wani abokin aikina ya ce in shiga shafin kama otal na Priceline in taya, wai kai ne za ka faɗi abin da za ka biya, in wani otal ya sallama shi ke nan, ya ce ya sha kwana a otal mai tauraro huɗu da kuɗin mai tauraro biyu. Tambayata ita ce yaya ake tayin, daga nawa ake farawa, kuma wace unguwa zan zaɓa? Sannan Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ina so a taimaka min da yadda zan tsara yawon ba tare da mun wahalar da ita ba. Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Allah:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka, sai dai labarin ya kwana biyu. Wannan tsari na taya da kanka, wanda Priceline ta fito da shi tun 1998, an daina shi. Sun cire shi a tikitin jirgi a 2016, a hayar mota a 2018, na otal kuma ya bi baya a 2020. Da can kana zaɓar unguwa da yawan tauraro, ka rubuta kuɗinka, ka sa katinka. In an sallama, nan take a cire kuɗin a gaya maka sunan otal ɗin. In an yi maka albarka, sai ka jira awa 24, ko ka sauya unguwa ko tauraro ko rana kafin ka sake tayawa. Waɗanda suka goge suna da dabara: su ƙara unguwar da suka san babu otal mai tauraro huɗu a cikinta sam, don kawai su samu damar ƙara tayi a ranar. Duk wannan ya zama tarihi.

Abin da ya rage shi ne ɗan uwansa, wato sayen ɗaki a ɓoye. Priceline tana kiransa Express Deals, Hotwire, wani shafin irinta, tana kiransa Hot Rate. Su ne suke sa farashi, su nuna maka unguwa da tauraro da makin da baƙi suka ba wurin, amma ba za ka ga sunan otal ba sai ka biya. Dalilin rangwamen ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin da ya kwana babu kowa, kuɗin wannan daren ya tafi har abada, don haka gara otal ya karɓi kaɗan. Amma ba ya so wanda ya biya cikakken kuɗi ya ga an karyar wa wani, shi ya sa yake sa a sakaya sunansa.

Maman Khalil:

Baban Ummi, ni dai a halin da ka bayyana ba zan ba ka shawarar sayen ɓoye ba, ko da kuwa an ce rabin kuɗi ne. Cinikin biri a sama ne, mai tafiya shi kaɗai ko shi da matarsa ne zai iya jure shi.

Abu na farko gado. Irin wannan ciniki abin da yawanci yake lamunce maka shi ne ɗaki na mutum biyu manya, otal ne yake zaɓar irin gadon. Mu an taɓa ba mu ɗaki mai gado ɗaya muna da yara, muka yi ta roƙo a wajen karɓar baƙi, suka ce ɗakuna masu gado biyu sun cika, kuma ba su saɓa mana alkawari ba tunda haka sharaɗin yake. Kai kuma kana tafe da suruka, ka san dole ɗaki biyu ne, ko babban ɗaki mai falo da ƙofa a tsakani. In ka sayi biyu a ciniki ɗaya za su faɗo a otal ɗaya, amma babu mai yi maka alkawarin za su kasance kusa da juna. Kana iya samun Hajiya a hawa na uku ku kuna na tara.

Na biyu, ba a mayar da kuɗi, ba a sauya rana. Tafiya da dattijuwa da ƙaramin yaro, zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya rushe shiri.

Ka duba otal-otal masu ɗaki da falo, irin su Embassy Suites ko Residence Inn ko Homewood Suites. Suna ba da karin kumallo kyauta, biyun ƙarshen kuma har da ɗan kicin a ɗaki. Ka lissafa karin kumallon mutum biyar na safiya huɗu a waje, sai ka ga inda rangwamen gaske yake.

Abu Yasir:

Maman Khalil, kin tsoratar da shi da yawa. Ni ina amfani da shi kuma ina samun sauƙi sosai. Ba a makance ake saye ba ai. Ka buɗe shafi biyu, ɗaya na ɓoye ɗaya na fili, ka sa rana ɗaya da unguwa ɗaya. Ka gwada tauraro, da makin baƙi, da yawan waɗanda suka yi sharhi, da abubuwan da aka lissafa kamar wurin ninkaya ko motar ɗauko baƙi daga filin jirgi, da tsohon farashin da suka ja wa layi. Sau da yawa otal ɗaya ko biyu ne kawai zai dace da duk waɗannan. Kuma wasu tayin yanzu suna barinka ka zaɓi irin gado da ɗan ƙarin kuɗi. Priceline ma tana da wani mai suna Pricebreakers, a nuna maka sunayen otal uku, ɗaya daga ciki za ka samu.

Inda na yarda da ke shi ne batun mayar da kuɗi. Maganinsa, Baban Ummi, ka kama ɗaki yanzu a shafin otal ɗin kansa, irin wanda za ka iya sokewa kyauta. Idan saura kwana kaɗan tafiya, kowa lafiya, wa'adin sokewa bai wuce ba, sai ka leƙa na ɓoye. In bambancin ya kai ya kawo, ka saya ka soke na farko. In ɗan kaɗan ne, ka bar shi.

Maman Khalil:

Abu Yasir, a farkon Afrilu? Lokacin furannin nan ne fa da hutun makarantu. Otal ɗin da yake cike me zai sa ya karyar?

Abu Yasir:

Wannan kam haka ne. Bishiyoyin da birnin Tokyo ya ba su kyauta a 1912, waɗanda suka zagaye tafkin Tidal Basin, suna fure ne tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilu, kuma lokacin gari ya fi cika. Kada ya sa rai da ragi mai yawa. Amma akwai abu ɗaya da zai taimake shi. Washinton garin aikin gwamnati ne da taruka, otal-otal na ma'aikata sun fi tsada daga Litinin zuwa Alhamis, su sauko a ƙarshen mako. Ya tsara tafiyar ta kama daga Alhamis zuwa Litinin, ba Litinin zuwa Juma'a ba.

Injiniya:

Babu wanda ya taɓo motar, kuma a nan kuɗin yake zurarewa. Otal-otal na tsakiyar gari suna karɓar kuɗin ajiye mota kowane dare, dala da dama, kuma ba ya cikin farashin da ka gani. Ga harajin ɗakin otal na birnin da ya kusa kashi 16 cikin ɗari. Ga wani kuɗin hidima na dole da wasu otal suke ɗorawa kullum da sunan intanet da wurin motsa jiki, ko ka yi amfani ko ba ka yi ba. Tun Mayun 2025 hukumar kasuwanci ta tarayya ta wajabta a nuna irin wannan kuɗin cikin jimillar farashi, amma haraji da fakin har yanzu sai ka bi su da kanka. Misali kawai: ɗakin dala 140 a tsakiyar gari da fakin na dala 50 ya fi ɗakin dala 165 mai fakin kyauta tsada, tun ba a zo ga haraji ba.

Shawarata ka tsallaka kogin Potomac ka sauka a ɓangaren Virginia, wajen Rosslyn ko Crystal City ko Pentagon City ko Alexandria, ka ajiye mota ka manta da ita, ku riƙa shiga jirgin Metro. Amma ka tambayi kuɗin fakin ko a can, don na kusa da kogin ma suna karɓa. A nan ne sayen ɓoye yake da wani haɗari ga mai ciwon gwiwa: unguwar da suke zanawa a taswira tana da faɗi, otal ɗin yana iya kasancewa a bakin tasha, yana iya kasancewa tafiyar minti 20 a ƙasa. Ni a wurina tazarar ƙofar otal da ƙofar tasha ta fi yawan tauraro muhimmanci a tafiyarku.

Kuma ka tafi da katin bashi in kana da shi. Suna riƙe wani kuɗi a matsayin jingina ranar shiga, in katin cire kuɗi ne daga asusunka za a daskarar da shi, ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Sunan da ke kan takardar kama ɗaki ya zama na wanda zai nuna shaidarsa.

Anti Malama:

Tunda an gama da wurin kwana, bari in taɓa yawon. Ka kwantar da hankalinka Baban Ummi, garin nan tsadarsa a kwana take, kallo kusan duk kyauta ne. Gidajen tarihi na Smithsonian ba a biyan ko sisi, yawancinsu suna buɗewa ƙarfe 10 su rufe 5:30. Sai dai wasu suna buƙatar takardar shiga mai lokaci, kyauta ce amma tana ƙarewa: gidan tarihin jirage da sararin samaniya, da gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a 2016, da gidan namun daji. Ka nemi waɗannan tun yanzu, kafin ma ka gama shawarar otal. Hawa hasumiyar Washinton, mai tsawon mita 169, shi ma sai da tikiti. Zagayen ginin majalisa kyauta ne amma a kama wuri tukuna, ba sa yi ranar Lahadi, kuma ba a shiga da abinci ko ruwa.

Kuskuren da baƙi suke yi shi ne kallon taswira su ga komai a jere, su ɗauka kusa ne. Daga majalisa zuwa ginin tunawa da tsohon shugaba Lincoln ya haura kilomita 3, kuma kowane gidan tarihi shi kansa yawo ne. Kada ku wuce manyan wurare biyu a rana. Ka karɓar wa Hajiya keken guragu na aro a ƙofar gidan tarihi, kyauta suke bayarwa ga wanda ya riga zuwa. Na san iyayenmu, za ta ce ita lafiyarta ƙalau, to a bar 'yarta ta lallashe ta, ba kai ba.

Gidan tarihin baƙaƙen fata ku ba shi rabin yini. Daga ƙarƙashin ƙasa ake farawa, da cinikin bayi ta tekun Atlantika, ana hawowa sama har zuwa zamanin nan. Akwai wuraren da suka yi wa mai shekara 4 nauyi, sai ɗayanku ya haye da shi saman bene inda ake nuna kiɗa da wasanni. Yara kuwa gidan tarihin halittu ne nasu, ga giwa a tsakar zaure, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, kuma ba ya buƙatar takarda. Ginin Lincoln, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa a 1963, ku je bayan magariba. A buɗe yake dare da rana, ga fitilu, ga ƙarancin cunkoso, tasi ta sauke ku kusa.

Tunda Juma'a za ta same ku a can, akwai Cibiyar Musulunci a titin Massachusetts, wajen ofisoshin jakadanci, wadda aka buɗe a 1957 shugaba Eisenhower yana wurin. Hajiya za ta ji daɗin wannan. Da ɗan tazara daga tasha, ku ɗauki tasi.

Injiniya:

Ƙari kan na Anti: in ka karanta tsofaffin bayanai za ka ga ana cewa a hau bas ɗin Circulator a zaga filin da ke tsakanin majalisa da ginin Lincoln, an daina shi tun ƙarshen 2024. A Metro kowa da katinsa, amma ɗan shekara 4 ba ya biya in yana tare da babba. Ba a ci ba a sha a cikin jirgi. In za ku gidan namun daji ku sauka a Cleveland Park, daga can babu hawan tudu, in kuka sauka a Woodley Park sai kun hau.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kama ɗaki mai falo da gado biyu a ɓangaren Virginia, wanda ake iya sokewa, na kira su sun tabbatar min da nisan tasha da kuɗin fakin. Na mayar da tafiyar Alhamis zuwa Litinin. Takardun gidan tarihin baƙaƙen fata na samu na Asabar da rana. Abu Yasir, in na kira otal ɗin kai tsaye na ce na ga farashi ƙasa da nasu a wani shafi, suna ragewa?

Abu Yasir:

Wani lokaci suna yi, tunda su ma kamasho suke biyan shafukan nan. Amma farashin fili suke daidaitawa, ba na ɓoye ba. Ka kira lambar otal ɗin kansa da rana, ba babbar lambar kamfani ba, ka nemi mai kula da kama ɗakuna. In bai rage kuɗi ba, ka roƙi fakin kyauta ko ɗaki kusa da lif saboda Hajiya. Ka kuma shiga tsarin membobinsu kafin ka kira, rajista kyauta ce kuma akwai farashin memba.