Landirobar Baba: me za mu kira “restomod” da Hausa?

Salamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema, kuma rashinta ya riga ya ci mini kuɗi da wata huɗu, shi ya sa na kawo maganar gaban masu sani.

A bayan gidanmu a nan Jos akwai Landirobar da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Land Rover ce ƙirar Series IIA, doguwar nan mai inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a Solihull ta Ingila daga 1961 zuwa 1971. Fitilunta a tsakiya suke, kusa da juna a gaban lagireto, alamar ta girmi waɗanda aka mayar wa fitilu gefe a ƙarshen shekarun 1960. Baba ya saye ta a gwanjon wani kamfanin kuza da ke wajen Bukuru, ta yi masa shekaru tana ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu.

Sai dai hannuwa da yawa sun taɓa ta kafin ta iso gare ni. Da sitiyarin dama ta zo ƙasar nan. Da Najeriya ta koma bin hannun dama a 1972 aka mayar da shi hagu, har yau ramin da aka toshe da faifan ƙarfe yana nan. Injinta na asali, na fetur mai lita 2 da kwata, ya buga tun ina firamare, aka ɗora mata na dizal daga wata motar Japan, aka yanka shasi aka yi waldar sababbin kujerun inji. An ƙara wa sifirin na baya ganye uku saboda lodi. Furofelar gaba kuwa, wato sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba, an kwance ta, ba wanda ya san inda ta shiga, don haka motar da aka sani da jan ƙafa huɗu ta shekara ashirin tana tafiya da biyu. Sandar nan mai jan kai da mai rawayan kai, na sa ƙafa huɗu, suna nan kusa da giya, amma ko ka danna rawayar ba abin da ke isa tayoyin gaba.

Bara na kai ta wani gareji na ce, “A gyara mini ita ta dawo sabuwa.” Bayan wata huɗu na je na tarar tana sheƙi da koren fenti, an saka mata kujeru masu laushi. Na sunkuya wajen da direba ke ajiye ƙafa, na danna da sukudireba, sai ga shi ya wuce, garin tsatsa na zuba a kan takalmina. An shafe ruɓaɓɓen ƙarfen da fila ne aka bi da fenti. Ban ce mutumin ya cuce ni da gangan ba. “Gyara” na ce masa, shi kuma ya yi abin da kalmar take nufi a garejinsa.

Abin da nake so a raina shi ne a bar mata fuskarta da bodinta da dashbod ɗinta na ƙarfe yadda Baba ya san su, a warware ɓarnar da aka yi mata, sannan a ba ta inji da birki da wayoyi na zamani ta yadda zan ɗauki iyalina mu hau tsaunin Shere ba da fargaba ba. Turawa suna da sunan wannan aiki: “restomod”. Sun yanko kan kalmarsu ta mayar da abu yadda yake a da, suka haɗa da kan kalmarsu ta sauya fasali. Mu me za mu ce, wanda in na faɗa a Dilimi, wajen masu kayan mota a nan Jos, bakanike zai gane ba sai na yi wa’azin rabin awa ba?

Wani malamin Hausa: Wa alaikumus salam, ɗan’uwa. Allah ya jiƙan Baba. Ni a ganina ba ka rasa kalma ba, ga “garambawul” nan. Daga bakin bakanikai ta fito tun farko, aron Turanci ce da ake nufin a kwance inji gaba ɗaya a duba komai a mayar. Daga baya ’yan jarida suka ɗauke ta, yau da ka ji garambawul sai ka zaci majalisar ministoci za a rushe. A dawo da ita gidansu kawai.

Na gode, Malam. Garambawul ta kama rabin zancen. Amma wanda ya yi wa wannan mota garambawul zai kwance injin Japan ɗin nan ne ya canza masa ringi da fistin ya mayar da shi inda ya same shi. Ni kuma so nake ya fita.

Wani tsohon bakanike, Dilimi: Ɗana, mu a wajen aiki “kombashan” muke cewa. A cire inji a sa wani, kombashan. A juya sitiyari, kombashan. A cire injekta a sa kafireta, kombashan. Shekara arba’in da ɗoriya ina faɗinta kuma ana gane ni. Amma tunda ka kawo zancen wannan mota, bari in gaya maka abin da ya fi kalma. Bodinta gorar ruwa ce, wato alminiyam, ba ya tsatsa, shi ke ruɗin mutane su ce motar lafiyarta ƙalau. Shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba su ne ƙarfe, su ne ke ruɓewa. Duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam ruwa ya shiga, za ka ga farin gari kamar kanwa, to wurin ya ciwu. Kada ka bar mai waldar ƙofar gida ya kusanci bodin nan, zai huda maka shi. Kuma notocinta na inci ne, wasu ma tsohon ma’aunin Ingila ne. Yaro ya ɗauko sifana mai milimita ya matsa, kan notin ya murje, shi ke nan sai kurfi da guduma.

Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan bayani naku ya fi kuɗin da na kashe bara. Game da kombashan kuwa, ku yi mini haƙuri, ita ce sunan abin da ya kawo motar halin da take ciki. Wanda ya yanka shasi ya yi kombashan, wanda ya jefar da furofela ma zai ce kombashan ya yi. Kalmar ba ta ce a kiyaye komai ba, ba ta bambanta mai kyau da gyaran gangar Abzinawa.

Wata ’yar’uwa daga Rayfield: Yaya, me zai hana “kwaskwarima” ko “sabuntawa”?

Ƙanwata, kwaskwarima ita ce aka yi mini bara, ta tsaya a fenti. Sabuntawa kuma ta yi faɗi, har lasin ana sabuntawa.

Malamin Hausa: To ga “dashe”. Likitoci na dashen ƙoda, manoma na dashen tumatir. A ce an yi wa mota dashen inji. Ko kuma a bi yadda Turawan suka yi a haɗa biyu: “raya-da-sauyi”.

Dashen inji ya zauna a baki, Malam, zan riƙe shi. Amma yana faɗin gaɓa ɗaya ce, bai faɗi dukan aikin ba. Raya-da-sauyi kuma daidai take a ma’ana, sai dai na gwada faɗinta da ƙarfi sau uku, na ji kamar taken taron bita. Ban ga yaron gareji da baƙin mai a hannu yana cewa “Oga, an kawo raya-da-sauyi” ba.

Wani mai lambu daga hanyar Vom: Ranku ya daɗe, ni ban san mota ba, itace na sani. Amma abin da kuke kwatantawa kullum shi nake yi da wuƙa da leda. Muna shuka ƙwallon mangwaron gargajiya, ɗan ƙaramin nan mai zare, saboda saiwarsa ta san ƙasar nan, tana jure fari. In ya kai kaurin fensir sai mu yanke kansa, mu tsaga, mu kawo reshen mangwaro mai daɗi mu fiƙe shi mu cusa, mu ɗaure tam. In ya kama, gindi na da ne, ’ya’ya na sabo. Sunan aikin “aure”, itacen kuma kowa a kasuwa ya san shi da mangwaro mai aure. Ba a aura mangwaro da gwaiba, ba zai kama ba. Sai jinsi ya zo ɗaya, kauri ya zo ɗaya.

Malam mai lambu, Allah ya saka da alheri. Tun da na karanta wannan na tashi na je bayan gida na tsaya ina kallon motar. Mota mai aure. Gindi na da, ƙarfi na sabo, kuma sharaɗin dacewa yana cikin kalmar tun asali.

Malamin Hausa: Ina da ja guda biyu. Na farko, aure kalma ce mai daraja, wasu za su ga an yi wasa da ita, wasu kuma su mayar da zancen abin dariya. Na biyu, ina ɓangaren farfaɗowar? Ana iya aura wa sabuwar mota inji.

Ja na farko, Malam, masu lambu sun riga sun amsa shi. Shekara da shekaru ana cewa lemo mai aure, mangwaro mai aure, a gaban malamai da dattawa, ba wanda ya ɗauke shi raini. Bahaushe ne da kansa ya ga haɗa biyu su zama ɗaya su ba da amfani ya ba shi wannan suna. Na biyun kuwa kun yi gaskiya, kuma a nan ne kalmarku ta farko za ta dawo. Aikin gaba ɗaya a kira shi “garambawul mai aure”: garambawul ta ɗauki kwancewa da farfaɗowa, aure ya ɗauki sabon abin da aka shigar. Motar da aka gama kuma a ce mata mai aure.

Tsohon bakanike: Ɗana, wannan ta shige ni, don mai lambu ya faɗi abin da muke fama da masu mota a kansa. Giyar motarka an yi ta ne don injin da bai kai doki 80 ba. Ta ɗaya da ta biyu ma ba su da abin daidaita gudu, sai ka taka kuloci sau biyu, in ba haka ba ta yi ƙara. Ka ɗora mata ƙaton inji, ka cika ta da buhunan dankali, ka saki kuloci a kan hawa, sandar aksul ta baya ce za ta karye. Na canza su ba adadi. In kana son dizal, nemi injin 200Tdi na gidan Land Rover, wanda ya zo a motocinsu Discovery ta 1989 da Defender ta 1990. Jininsu ɗaya da tsohon injin, bakinsa yana kusa da bakin giyarka, aikin da za a yi kaɗan ne a kan na baƙon inji, amma duk da haka ka tuƙa ta da hankali. Kuma kafin inji a fara da birki. Ganga ce a duk ƙafa huɗun. Wanda ya ƙara gudu bai ƙara birki ba, ranar da zai sauko gangaren Hawan Kibo zai gane. In ka mayar da furofelar gaba, ka riƙe wannan: rawayar sanda a danna ta ƙasa, ƙafa huɗu ke nan a babbar giya. Ja a jawo ta baya, ƙaramar giya ce mai ƙarfi, ita direbobi ke kira ogzilari. Kada ka bar ta a ƙafa huɗu a kan kwalta, ba ta da abin raba gudu tsakanin gaba da baya, ƙarafan za su ɗaure. Wannan na laka ne da yashi da duwatsu.

Na rubuta duka, Baba. To bari in gwada kalmar a jimla mu ji ko za ta tsaya da ƙafarta. “An yi mata auren inji, amma giyarta ta asali ce.” “Wannan Land Cruiser ɗin mai aure ce ko ’yar asali?” “Auren bai kama ba, kullum tana cin kuloci.” “Nawa za ka yi mini garambawul mai aure, ban da fenti?” Duk sun fita ba tare da harshe ya yi tuntuɓe ba, kuma ta ba mu hanyar faɗin lalacewar aikin, abin da kalmar Turancin ma ba ta da shi.

Malamin Hausa: Na janye ja na. Sai dai a rubuce a bar su kalmomi rabe, ba karan ɗori, kamar yadda ake rubuta mangwaro mai aure. Jam’i kuma motoci masu aure. Wanda aka mayar da komai nasa yadda kamfani ya yi shi, har launin fenti da dinamo, wannan a ce garambawul na asali. Abin da aka yi wa motar Baba a baya kuwa yana da sunansa tun da daɗewa, gamin gambiza.

Na karɓa, Malam. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za a jawo ta zuwa wurin Baba bakanike a Dilimi. Na riga na rubuta a takarda, a sama na sa “Garambawul mai aure”, a ƙasa na raba gida biyu. Abin da zai zauna: bodi, fitilun tsakiya, dashbod, giya, sanduna ja da rawaya, da lambar shasi. Abin da za a aura: inji, birki, wayoyi da altaneta, bel na kujeru. Ganye ukun nan na sifirin za su fita, kuma in an sauya inji zan je a gyara lambarsa a takardun mota. Abin da ya rage mini yanzu furofelar gaba ce ta Series IIA ko Series III. Duk wanda ya san inda wata take kwance, a Dilimi ko wajen ’yan gwangwan, ko a bayan gidan wani a Barikin Ladi, don Allah ya yi mini magana kafin Asabar.