Ina ya fi dacewa a sauka a Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin kai iyalina hutu Zanzibar, kuma yara suna son wanka a teku. A wane ɓangare ya kamata mu sauka?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka nemi masauki a Nungwi ko Kendwa da ke arewacin tsibirin, domin a gabas, kamar Paje, ruwa yakan janye nesa ƙwarai na tsawon sa'o'i, ya bar yara da yashi da ciyawar teku kawai.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, sai dai Nungwi tana da cunkoso da kiɗa cikin dare, saboda haka ka tambayi otal ɗin nisansa daga wuraren shagali kafin ka biya.

Amsa ta uku: Ka kuma guji watan Afrilu, lokacin da ruwan sama yake tsananta.