Mazaɓar Kebbe/Tambuwal: sau nawa aka canza muku alamar da za ku dangwala?

Ɗan Sanyinna

Assalamu alaikum. Tambayata ga mutanen Kebbe da Tambuwal ce, musamman iyayenmu da ke cikin zauren nan. Kujerarmu ta majalisar wakilai, daga 2003 zuwa 2015, mutum ɗaya ne a kanta, wato Aminu Waziri Tambuwal, Matawallen Sakkwato. Amma ya shiga da masarar ANPP, ya zauna ƙarƙashin lemar PDP, ya fito da tsintsiyar APC a hannu. Wanda ya gaje shi, Abdussamad Dasuki, shi ma da tsintsiya ya shiga a 2015, da lema ya koma a 2023. Ba yabo nake nema ba, ba zagi ba. Kowa dai ya faɗi abin da ya gani a rumfarsu duk lokacin da aka ce masa alamar bara ba ita ce ta bana ba.

Tsohon Malamin Firamare, Dogon Daji

Wa alaikumus salam ɗana. Kai daga 2003 ka faro, mu kuwa tun 1979 muke cikin wanga aiki. Shekarar nan Asabar biyar anka yi ana zaɓe, daga farkon Yuli har 11 ga Agusta da anka yi na shugaban ƙasa. Ga damina, ga noma, azumi kuma ya riske mu kafin a ƙare. Lokacin Sakkwato ɗaya ce, har da Kebbi da Zamfara na yanzu.

Shi ne kuma karo na farko da matanmu sunka fita babban zaɓe. Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe takardar gwamnati ba. Da dare nikan zana mata alamar NPN a ƙasa da tsinke, gida a tsakiya, masara a gefe, in ce Inna nan za ki aza yatsa. Sai ta ce to in anka juya takardar fa? In ce masara ko an juya ta masara ce. Shagari ɗan gida ne, babu wani dogon bayani, ana cewa NPN sai ka ji an amsa da Aminci. Akwai 'yan GNPP ta Waziri Ibrahim, masu siyasa ba da gaba ba, kuma ba kaɗan ba ne kamar yadda yaran yanzu ke zato. Shehu Kangiwa ya ci gwamna, Allah ya yi mishi rasuwa a 1981 wurin wasan folo a Kaduna, Garba Nadama ya hau, soja sunka share kowa ranar ƙarshe ta 1983.

Abin da nike so ka rubuta shi ne wanga. Da APP ta zo a 1999 da masara a tutarta, tsofaffi da yawa cewa sunka yi masararmu ta dawo. Alhali tsofaffin 'yan NPN da dama suna cikin PDP. A ganina masarar nan ta yi wa Bafarawa, ɗan takarar gwamna na APP, kamfe fiye da wasu masu hawa mota da lasifika.

Hajiya ta Jabo

Malam kun tsallake ƙato bayan ƙato, kuma mu mata shi ne ba mu mantawa. Zamanin Babangida jam'iyya biyu ce, SDP mai doki da NRC mai tsuntsu. Zaɓen gwamna na Disamba 1991 babu wani labule. Hoton ɗan takara za a kafa, ki je ki tsaya bayansa rana tsaka, a ƙirga kawuna.

Gidan mijina duk 'yan tsuntsu ne. Yayana kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe da doki a unguwarsu. Da safe ya aiko yaro ya ce kada in kunyata shi. Na sa lulluɓi na ja shi har hanci, na shiga layin doki can baya. Ashe takalmina ya tona ni. Abokiyar zamana tana layin tsuntsu, ta gane shi, kafin in kai gida labari ya riga ni. Maigida bai ce uffan ba, amma surukata ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Yahaya Abdulkarim na NRC ya ci, ba a yi shekara biyu cif ba Abacha ya rushe komai. Gwamnatin ta tafi, fushin tsohuwa yana nan.

Saboda haka in na ji yara suna cewa a dawo da layi ya fi gaskiya, nakan ce su tambayi matan aure tukuna.

Mai Fenti

Ni kam a bar ni da 2007. Sana'ata rubutun allo da fentin ofisoshin jam'iyya, kuma ban taɓa ganin kakar aiki irin wannan ba.

Ga yadda abin ya kasance ga waɗanda ba su girma ba lokacin. Gwamna Bafarawa ya bar ANPP ya koma sabuwar jam'iyyarsa DPP, jama'a suka bi shi, ɗan majalisarmu ma ya bi. Tikiti bai samu a can ba, ya dawo ANPP inda Aliyu Magatakarda Wamakko yake. Sai kuma Alu ya tsallaka PDP ya zama ɗan takararta na gwamna, aka sake kwasa aka bi shi. Duk wannan kafin watan Afrilu.

Akwai wani shago a bakin titin da ya wuce Jega, shi ne ofishin wata gunduma. Na zana masara a bangonsa, aka ce in shafe in rubuta DPP. Na shafe. Aka ce in mayar da masara. Fentin bai gama shan iska ba aka kawo kore da ja aka ce lema ake so. Farin da na sa ya yi ruwa-ruwa don an hana kuɗin gwangwani na biyu, saboda haka in rana ta haska bangon da hantsi, sai ka ga ganyen masara yana leƙowa ta ƙarƙashin lema. Masu shayin wurin suka sa masa suna lema mai goyo. Shugaban gundumar har yau akwai cikon kuɗina a hannunsa, ba zan faɗi sunansa ba, yana karanta mu.

Kotu ta rushe zaɓen gwamnan a 2008, aka sake, Alu ya sake ci. Wannan karon ba wanda ya kira ni.

Ɗan Sanyinna

Kawu, to ku da kanku me kuka dangwala a shekarar?

Mai Fenti

Ɗana, wannan tsakanina da akwati ne.

Na Matawalle

Ina ganin ana so a mayar da abin wasa. Mu ba alama muka zaɓa ba, mutum muka zaɓa, kuma ba mu yi asara ba. Ranar 6 ga Yuni 2011 ina cikin waɗanda suka cika wani shagon kallo a Tambuwal ana ƙirga ƙuri'un kakakin majalisa. Jam'iyyarsa wata take so, ba shi ba, amma ya samu 252. Ɗan mazaɓarmu ya zama mutum na huɗu a Najeriya. Mai shagon ya ce ranar kowa ya shiga kyauta, har injin ya ƙara wa mai daga aljihunsa. Da ya koma APC a Oktoba 2014, aka janye masa 'yan sanda, aka rufe ƙofar majalisa har 'yan majalisa suna haura ƙyaure, wa ya ji ana tambayar wace jam'iyya a garin nan? Namu aka taɓa, shi ke nan.

Ɗalibar Shari'a

Yaya, ba na musun abin da kuka gani. Amma in mutum ake zaɓa, me ya sa babu sunan kowa a takardar ƙuri'a? Alamar jam'iyya ce kawai da haruffanta. Kuma sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ce ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Shi ya sa duk mai shirin sauya sheƙa za ku ji ya fara da cewa akwai rikici a uwar jam'iyya.

Manya suna yanke shawararsu a Abuja ko a wani falo a Sakkwato cikin dare ɗaya. Mu ake bari da aikin shiga gida-gida. A 2015 ni na koya wa kakata tsintsiya, sak daga sama har ƙasa. A 2019 aka ce in koma in ce mata Buhari tsintsiya, gwamna Tambuwal lema, ga shi gwamnan shi ne dai wanda ta zaɓa da tsintsiya shekara huɗu baya. Ta dube ni ta ce, ke 'yar nan, ko dai an saye ki ne? Sauƙin da aka samu ba rana ɗaya aka yi zaɓukan biyu ba.

Bakabe daga Kuchi

Kun cika zauren da Tambuwal, kamar yadda kuka saba. Sunan Kebbe ne a gaba cikin sunan mazaɓar, amma in ka je Abuja ka ce daga Kebbe kake sai a ce Kebbi? To bari in ba ku labarin ranar da ƙasar nan duka ta san inda muke.

Zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019 aka ce bai kammala ba. Tambuwal na gaban Ahmed Aliyu da ƙuri'a 3,413, waɗanda aka soke kuma sun ninka haka nesa ba kusa ba. Aka sa 23 ga wata don cike giɓi, rumfarmu na ciki. Tun ana saura kwanaki motocin da ba mu taɓa gani ba suka fara shigowa, masu baƙin gilashi, hanyar da ko ɗan acaba ke ƙorafi a kanta. Manyan mutane da sai a rediyo muke jin sunansu suka shimfiɗa tabarma a gindin bedi suna cin tuwonmu. Wani ya durƙusa har ƙasa ya gaida babana, wanda ko sunansa bai sani ba sai da aka raɗa masa.

Ranar zaɓe babu wanda aka bari a gida. Akwai tsohon da ya yi shekaru bai fita ƙofar gida ba, a amalanke aka kawo shi da katinsa a aljihu. Ejan-ejan na ɓangarorin biyu kowa ya kafa wa akwati ido, ko alwala sai an yi canji. Aka gama ƙirga namu, aka tafi da shi, muka kwana a bakin rediyo. Sauran ƙananan hukumomi sun shiga, ana ta cewa Kebbe ake jira. Washegari aka ce 512,002 da 511,660. Tazarar 342. Mutanen da suka yi sallar Juma'a a masallacin garinmu sun fi haka.

Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairu 2020. Motocin kuwa tun ranar Lahadin nan ba mu sake ganin ƙurarsu ba sai da 2023 ta matso.

Tsohon Malamin Firamare, Dogon Daji

Gaskiyarka ɗan Kuchi. Kuma ku lura, a shekarar da gwamna ɗan Tambuwal ya sha da ƙyar da lema, kujerar Kebbe/Tambuwal ta majalisar wakilai APC ce ta ɗauka. Wake da shinkafa ke nan. Wanda duk ya ce muku mutanen ƙauye ba su san abin da suke dangwalawa ba, bai zauna da su ba.

Ɗalibar Shari'a

Baba, a 2023 ma sai da aka sake maimaita mana. Na 'yan majalisar tarayya na jihar bai kammala ba a Fabrairu, aka kai shi 15 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi da zafin bazara. Kakata ta ce ba za ta ba. Da aka matsa mata sai ta ce a fara faɗa mata ko Matawalle yana nan inda ta bar shi. Aka ce yana nan, Sanata yake nema yanzu. Ta ce to a kawo mata hijabinta, amma a sani in an sake canzawa, wanda ya canza ya zo da ƙafarsa ya yi mata bayani.

Ɗan Sanyinna

Na gode iyaye da yayye. Saura kujerun majalisar jiha, Tambuwal ta Gabas, Tambuwal ta Yamma da Kebbe, ba wanda ya taɓo su. Kawu Mai Fenti, na san allunan waɗannan ma ku kuka rubuta, muna sauraron ku.