Me za mu kira "yutofiya" da Hausa?

Tafinta: Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin yutofiya, a wani darasi kan 'yan Kweka (wata ɗariƙar Kirista) da masu neman kafa al'umma marar aibi. Asalinta sunan littafin Thomas More ne na 1516, da Latin. Daga Girkanci ya ƙera ta, ma'anarta "wurin da babu shi", amma lafazinta kusan ɗaya yake da "wuri mai kyau". Ina ganin "aljannar duniya". Me kuka ce?

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, wannan ba za ta yi ba. Aljanna gidan sakamako ce, ba a aiki a cikinta. Tsibirin da More ya ƙaga a littafin kuwa birane 54 ne, kowa na aikin awa 6 a rana, babu mai dukiyar ƙashin kansa, ana sauya gidaje da ƙuri'a duk shekara 10, kuma akwai bayi, har da zinariya ake ƙera musu sarƙa. Tsari ne na mutane, da doka da hukunci. Ban da haka, a bakin Bahaushe "aljannar duniya" jin daɗi ce kawai.

Ɗalibin Falsafa: Malamanmu sun san Madinatul Fadila ta Al-Farabi, ta ƙarni na 10. Me zai hana mu ce "birni nagari"?

Malamar Tarihi: Ta ɗauki rabi ta bar rabi. Akwai nagartar, babu alamar cewa ba a kai gare shi ba tukuna. Mu gwada kowace kalma da Fensilbaniya, yankin da 'yan Kweka suka kafa a Amurka, a nan ake gane mai ƙwari.

'Yan Kweka sun fito a Ingila wajen 1650 ta hannun George Fox. Sunan ma zolaya ne: wani alƙali a Derby ya laƙaba musu "masu makyarkyata" don Fox ya ce masa ya yi rawar jiki a gaban kalmar Ubangiji. Su kansu Abokai suke kiran juna. Aƙidarsu ta asali ita ce akwai hasken Allah a zuciyar kowane mutum, saboda haka babu limamin coci, babu baftisma ta ruwa. A zauna shiru, wanda aka zaburar ya tashi ya yi magana, mace ko namiji. A wancan zamanin ba sa rantsuwa a kotu, ba sa cire wa babba hula, ba sa ɗaukar makami. A taron shawara ba a kaɗa ƙuri'a: magatakarda ya rubuta abin da ya ga an haɗu a kai, ya karanta, in akwai mai ja a dakata.

A 1681 Sarki Charles II ya ba ɗan Kweka William Penn ƙasar Fensilbaniya a madadin bashin fam 16,000 da mahaifin Penn ke bin fada. Penn ya kira abin "gwaji mai tsarki": 'yancin ibada, babu rundunar soja, ana sayen ƙasa daga 'yan ƙabilar Lenape maimakon ƙwace. Inda ya lalace a fili yake. 'Ya'yan Penn sun cuci Lenape a cinikin fili na 1737. Baƙin da ba 'yan Kweka ba suka rinjaye su da yawa, suna neman kariya a kan iyaka. Da gwamna ya ayyana yaƙi a 1756, wasu 'yan Kweka suka ajiye kujerunsu na majalisa don kada su sa hannu. Shi Penn ma yana da bayi, kuma sai 1776 taron 'yan Kweka na Filadelfiya ya haramta wa mambobi mallakar bayi, duk da takardar adawa da bauta da wasu 'yan Kweka suka rubuta a garin Germantown tun 1688.

To, wannan ba aljanna ba ce, ba kuma mafarki ba, tunda an auna filaye an rubuta dokoki.

Ɗalibin Falsafa: Ke nan "ƙasar mafarki" ma ta faɗi, Malama.

Mai Nazarin Harshe: Ina kawo "garin buri". Gari ya ɗauki wuri da mutanensa da shugabancinsa. Buri abu ne da ake so, ba a samu ba, ana kuma iya yi masa aiki.

Tafinta: Ranka ya daɗe, buri ba ya da ɗan zargi? Muna cewa wane ya cika dogon buri.

Mai Nazarin Harshe: Shi ya sa na zaɓe ta. Ita ma ta asalin da yabo da gori ake faɗarta. Engels, abokin Karl Marx, ya kira irin su Robert Owen, mai masana'anta ɗan Birtaniya, 'yan gurguzun yutofiya ne don ya rage musu daraja, kuma al'ummar da Owen ya kafa a garin New Harmony na Amurka a 1825 ba ta wuce shekara 2 ba ta watse, saboda yawan masu ci da ƙarancin masu sana'a. Owen ɗin ne ya sake buga shirin da ɗan Kweka John Bellers ya fitar a 1695, na matsugunin da talakawa za su yi sana'a su ciyar da kansu.

Malamar Tarihi: Na yarda, da sharaɗi: a bambanta na takarda da na ƙasa. Na More "garin buri", Fensilbaniya da New Harmony "gwajin garin buri".

Tafinta: An tsaya a nan. Jam'i "garuruwan buri", mabiya "'yan garin buri", kishiyarta "garin fargaba". Sunan littafin kuwa a bar shi Yutofiya.