Abin da aka tattauna kan karatun tarihi da adabi ta intanet

Ƴan uwa, ga abin da ya fito daga doguwar muhawarar da aka yi kan karatun jami'a ta intanet, a taƙaice.

1. Kowa ya yarda a fara da karanta takardar tsarin darasi. A nan malam ke rubuta ranakun miƙa aiki da yadda ake raba maki. Wanda bai karanta ba, babu uzuri.

2. Agogo. In jami'ar tana Faransa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun riga Maradi da awa 1. Ƙarfe 12 na dare a can, 11 ce a nan. Moodle kuwa, wato shafin intanet da ake miƙa aiki a kansa, in an saita shi ya rufe, ya rufe.

3. Ɗaukewar wuta da rezo ba safai malamai ke karɓar su hujja ba. A sauke littattafan PDF tun farkon mako, a miƙa aiki kwana guda kafin wa'adi, a ɗauki hoton shaidar miƙawa.

4. Kwafe maganar wani ba tare da ambaton marubuci da shafi ba sata ce, ko da ka juya ta daga Faransanci. Yawanci sifili ake samu bisa 20.

Inda aka rabu: ko salula ta wadatar. Wasu sun ce ta isa karatu da sauraren lacca. Masu rubuta dogon sharhi suka ce sai kwamfuta, ko ta aro ce, kuma a ganina sun fi gaskiya. Kan amfani da ChatGPT, manhajar da ke rubuta amsa da kanta, ma ba a daidaita ba, sai dai a tambayi malamin darasin a rubuce.