Neman shawara: Chevelle ta 1969 da ta daɗe a ajiye, ta ina zan fara?

Baban Hafsa, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi Chevrolet Chevelle Malibu ƙirar 1969, mai ƙofa biyu, giya otomatik, da injin V8 da aka ce mini 350 ne, wato girmansa a inci kubik. Ta yi shekaru a rumbun wani manomi a nan jihar Ohio ba a tayar da ita ba, yanzu kuma tana garejin gidana. Tsatsa ta ci ƙasan but, fenti ya kumbura a gefen gilashin baya, birki yana nutsewa har ƙasa, tankin mai yana wari. Ina da jak, sifanoni da ƙaramin injin walda. Wani ya ce in ɗaga bodi daga kan shasi in kwance komai, wani ya ce in sa batir in gwada ta. Mota nake so da zan riƙa hawa ranar hutu, ba ta baje koli ba. Ta ina zan fara?

Oga Habu Fanel Bita:
Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna. Motar Ohio ce, ta sha gishirin da ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara, don haka shasi ne zai gaya maka ko aikin ya cancanci kuɗinka. Ka ɗora ta a kan matsayan ƙarfe huɗu masu ɗaukar tan uku, a ƙarƙashin shasin kansa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙasan mota yana riƙe da ita, haka ma bulo.

Ka shiga da tocila, ƙaramar guduma da sukundireba mai tsini. Bi shasin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi ras, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji shi dum, ɓawo yana zubowa. Wurin da ya fi mutuwa a waɗannan motoci shi ne gaban tayoyin baya, inda shasin ya lanƙwasa ya hau sama, kusa da inda hannayen da ke riƙe aksul suke ɗaure. Laka tana taruwa a ciki ta ci shi daga ciki, waje yana nan kamar lafiya lau. Ka duba kuma kujerun da bodi yake zaune a kansu da robobinsu. In sukundireba ya huda wajen hannayen aksul, to maganar ta canza, sai dai ka nemi wani shasin ko ka kai wa mai teburin miƙe shasi, wannan ba aikin ƙaramin injin walda ba ne.

Wanda ya ce ka ɗaga bodi bai faɗi ƙarya ba, haka ake yi wa motar baje koli. Amma motar da aka tarwatsa tana cin wurin mota uku, kuma yawancin ayyukan gida a nan suke tsayawa cak. Kai da kake son hawa, bar bodi a kan shasi.

Malam Idi Makaniki:
Na goyi bayan Oga Habu. Batir ɗin ma ka dakata da shi. Injin da ya daɗe a tsaye duk baƙin mai ya gangare zuwa sam, wato kaskon da ke ƙasan inji, boris ɗinsa a bushe suke, in ka danna kik ƙarfe ne zai goga ƙarfe.

Cire fulogi takwas ɗin, ka jera su yadda ka fitar da su, domin launin kowanne yana nuna halin silindarsa. Gefen direba 1, 3, 5, 7 ne daga gaba, ɗaya gefen 2, 4, 6, 8. Zuba kamar cokali biyu na man giya otomatik a kowane rami, ka bar shi kwana biyu zuwa uku. Sai ka juya injin da hannu ta notin fulin karanshaf, sokat 5/8 ke kama shi. In ya ƙi, kada ka sa bututu ka danna, notin siriri ne, karyewa zai yi a cikin karanshaf. Cire murfin da ke ƙasan giya ka riƙa tura haƙoran faifan da ƙarfe, gaba kaɗan baya kaɗan. Af, notocin motar nan duk na inci ne, sifanonin milimita na motocin Japan za su cinye musu kai.

In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, buɗe murafen bawul ka ga ko duk rokoki goma sha shida suna hawa da sauka. Bawul ɗin da ya maƙale shi ke lanƙwasa sandar da ke tura shi. Ka tsiyaye tsohon mai kana kallonsa: in ya fito fari-fari kamar an dama da madara, ruwa ya shiga. Sa sabuwar filta da mai kwat biyar, wato lita 4.7. Sai ka yi alama a inda rotar dilko, mai raba wa fulogi wuta, take kallo, ka zare dilkon, ka zura sandar juya famfon mai ta raminsa, ka juya da diril yadda agogo ke tafiya har mai ya ɓullo a saman rokoki. Ka sayi sandar mai kwala irin jikin dilko, wadda ba ta da shi ba ta kai mai gefe ɗaya.

Bayan haka ne batir zai shigo, don awon kwamfireshan: fulogi a waje, totur a buɗe. Kada ka damu da babbar lamba, tazarar za ka kalla, kada wata silinda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa, ɗiga mata mai ka sake awo. In ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket.

Ɗan Zinder:
Kafin ka sayi kaya ka tabbatar da injin. Lambar motar tana kan dashbod gefen direba, in ta fara da 13637 to Malibu ce V8 mai ƙofa biyu, 9 ta biyo baya. Amma ba ta faɗin girman injin, kuma 307 ne V8 na asali a wannan shekarar, daga waje kamarsu ɗaya da 350. Akwai ɗan fili a gaban bulok, gefen fasinja, gab da tof silinda. Goge shi da kananzir da tsumma, ban da sanfefa, haruffan ƙarshe na lambar da ke wurin su za su gaya maka. Ranar da za ka sauke tanki ka duba samansa, wani lokaci takardar masana'anta tana nan a liƙe.

Baban Hafsa, Columbus:
Allah ya saka da alheri. Shasi lafiya, sai kujerar bodi ɗaya a baya da ta ruɓe. Injin ya juya, 350 ne, kabireta Quadrajet. Kwamfireshan tsakanin 135 da 150 ne duka. In tayar da shi? Wane mai ya dace?

Malam Idi Makaniki:
Madalla, wannan injin ba ya buƙatar buɗewa yanzu. Amma kada ya sha ɗigo ɗaya daga tsohon tanki. Warin nan fetur ne da ya rikiɗe ya zama danƙo, in ya kai ga bawul zai liƙe su bayan injin ya huce. Cire tiyon da ke shiga famfon fetur ka tsoma a galan na sabon fetur. Kabiretar ka kwance ta ka wanke, ka sa sabbin robobi masu jure itanol, domin fetur ɗin Amurka galibi yana da kashi 10 na itanol, yana narkar da tsohuwar roba. Canza fulot ɗinta ma, tsohon yana jiƙewa ya nutse, mai ya malalo saman inji.

Sa sabon kwantak da kwandensa, tazarar kwantak 0.019 na inci, ta fulogi 0.035. Jerin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2, rota tana bin hannun agogo. Ka kula da wayoyin 5 da 7, suna maƙwabtaka, mutane kan musanya su.

Maganar baƙin mai ba ta wasa ba ce. Kamshaf ɗinka na tafet mai shafaffen ƙasa ne, yana buƙatar sinadarin zink da ake kira ZDDP, wanda aka rage a man motocin zamani saboda yana lalata na'urar tace hayaƙi. Nemi 10W-30 da aka rubuta na tsofaffin motoci ne mai zink. In ka yi sake da wannan, kamshaf zai cinye, ka fara jin ƙas-ƙas a sama da tari ta kabireta. Ranar tayarwa ka turo motar waje ko ka buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya, hayaƙin nan yana kisa ba a ji warinsa ba. Tukunyar kashe gobara a kusa da hannu, idonka a kan ma'aunin ƙarfin baƙin mai, in bai tashi ba cikin 'yan daƙiƙu ka kashe.

Abu ɗaya da zan so ka buɗe ko da injin ya yi daɗi: tayimin cen. Giyar kamshaf ta asali haƙoranta an lulluɓe su da nailan, tsufa yana farfasa su, gutsattsarin su faɗa sam su toshe rariyar famfon mai. Sa ta ƙarfe zalla, ka sauke sam ka wanke.

Hajiya Mai Kayan Gyara:
Baban Hafsa, kada daɗin ƙarar inji ya sa ka fita titi. Birki a canza shi gaba ɗaya, ba faci ba: masta silinda, silindojin taya huɗu, tiyon roba uku, shu da sifirin ɗinsu. Man birki yana shan ruwa daga iska, shi ya sa bututun ƙarfen ke ruɓewa ta ciki. Sayi bututun nikel da tagulla, yana lanƙwasuwa da hannu, bakinsa kuma ninki biyu ake yi masa. Man DOT 3. Fitar da iska daga dama baya, hagu baya, dama gaba, hagu gaba. Kada ka hura ƙurar daram da iska, tsofaffin shu na iya zama da asbestos, ka jiƙa ta ka goge. Kwance gefe ɗaya ka bar ɗayan kana dubawa, kuma shu mai gajeren fata shi ke kallon gaba.

Tanki kada ka wahala da wanke shi, ana ƙera sabo na galan 20, ka haɗa da ma'auninsa da maɗaurai. Tayoyi kuwa ko zanensu bai goge ba, a zubar.

Ɗan Zinder:
Hajiya, ni da ya sa birkin diski a gaba tun yanzu, daram inci tara da rabi ya yi wa motar nan kaɗan a babban titi.

Hajiya Mai Kayan Gyara:
Gaskiya ne, ya fi tsayawa idan ya ɗau zafi. Sai dai ba kalifa kaɗai zai saya ba, masta silinda daban ne, ga bawul ɗin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma wasu kayan ba sa shiga rim inci 14 sai 15. In kuɗin ya isa ya yi sau ɗaya, in bai isa ba daram da aka saita da kyau zai kai shi. Sifirin ɗin gaba dai kada ya taɓa shi ba tare da na'urar matse shi ba.

Oga Habu Fanel Bita:
Tunda shasi ya tsira, mu dawo kan tsatsa. Ƙasan but da kumburin gilashin baya ciwo ɗaya ne. Ruwa yana kwanciya a ƙarƙashin azurfar da ta zagaye gilashin, ya huda kwarin da gilashin ke zaune, ya ɗiga cikin but. In ka canza ƙasan but ka bar sama, damina biyu aikin zai dawo. Zare azurfar da ƙarfen cire kilif ɗinta, yanke gam ɗin da waya, mutum biyu su ɗauke gilashin.

Sauke tanki ka fitar da shi daga garejin kafin tartsatsi na farko, yana ƙarƙashin but ɗin ne kai tsaye. Cire kan batir, ka rufe sauran gilasai, tartsatsin giranda yana nutsewa a jikinsu. Yanka har sai ka kai ƙarfe mai sheƙi, ka ƙara kamar inci ɗaya. Faci ya zama kaurinsa ɗaya da na motar, geji 18 zuwa 20, a haɗa baki da baki da 'yar tazara kamar kaurin waya. In ka ɗora wani kan wani, ruwa zai zauna a tsakani. Waya 0.023, da gas mai argon kashi 75. Wayar da ba ta buƙatar gas tana da zafi, huda siririn ƙarfe take yi. Kada ka ja layi: ɗigo nan, ka tsallaka can, ka bari ya huce har ka iya ɗora hannu, a haka har ɗigon su haɗe. Gaggawa a nan ita ke murɗe fanel, daga baya a cika shi da bodi fila. Gwada hannunka a kan ƙyallen ƙarfe tukuna, sannan ka fara da ƙasan but inda kafet zai rufe.

Inda rufi ya haɗu da gefen baya dalma masana'anta ta shafa, kada ka gurza wurin a bushe ba takunkumi. Duk inda ka gama, wanke maiƙo ka fesa faraima ta efoksi a ranar, gaba da baya. Kujerar bodin nan kuma ka jiƙa notinta da man sassauta tsatsa na mako guda, domin in ka matsa mata notin da ke cikin bodi zai kuɓuce ya riƙa juyawa, sai an yanka ƙasan motar. Sassauta na wannan gefen duka, ɗaga bodi inci biyu da katako mai faɗi a kan jak, ka yi faci, ka sa sabbin robobi, ka duba tazarar ƙofa kafin ka ɗaure.

Fentin ƙarshe ka kai wa masu ɗakin fesawa. Fenti mai haɗi biyun nan yana da guba da takunkumin kanti ba ya tarewa, ga iyali a cikin gida.

Baban Hafsa, Columbus:
Na gode ƙwarai. Zan fara da tanki da birki. Wayoyin wuta fa, in canza su duka?

Malam Idi Makaniki:
Ka lanƙwasa su a wajen inji, in fatar tana tsagewa, canza na gaban kawai. Zare fulogin da ke jikin bangon inji bayan akwatin fiyus ka wanke bakinsa, ka goge duk inda waya ta kama bodi, rabin matsalar fitilu daga nan take. In ka sa dilkon HEI, wato na lantarki mara kwantak, nan gaba, ja masa sabuwar waya mai cikakken bolt 12, domin ta asali an yi ta ne ta rage wuta saboda kwantak.