Shin itatuwa da tafkuna za su iya kare Yamai daga zafi da ambaliya?

Wani mazaunin unguwar Talaje a Yamai ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, ɗakina mai rufin kwano ba ya kwantuwa sai dare ya raba, alhali maƙwabcina da ke da dogon yaro biyu a ƙofar gida yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu ya yi barcin rana. Idan kuma malka ta kama a watan Agusta, titin namu sai ya koma korama, ruwa yana cin gindin katangun laka. Kowace ranar 3 ga Agusta ana bikin dashen itace, amma ban ga inuwa ta ƙaru a unguwarmu ba. Shin dashen nan zai iya rage mana zafi da ambaliya, ko kuwa akwai abin da muke kuskurewa?

Tsohon ma'aikacin gandun daji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani a ƙofar maƙwabcinka gaskiya ne, kuma dalilinsa biyu ne: itace yana tare rana kafin ta gasa ƙasa da bango, sannan ganyensa yana fitar da danshin da saiwa ta zuƙo, wanda ke sanyaya iskar wurin. Kwalta da siminti da kwano kuwa suna shan zafi da rana su riƙa sakinsa da dare, shi ya sa ɗakinka ba ya hucewa da wuri.

Magabata sun san da haka. Tun 1965 aka fara dasa gandun da ya kewaye Yamai, yawancinsa dogon yaro, da niyyar ya kai hekta 2,500 domin ya tare ƙura da iska. Na yi aiki a cikinsa ina saurayi, kuma raina yana ɓaci idan na ratsa shi yanzu, domin filayen gini da juji da masu sarar makamashi sun cinye masa wuri mai yawa. A ganina kare abin da ya rage na wannan gandu ya fi gaggawa a kan sabon dashe, saboda itacen da ya shekara hamsin ba a maye gurbinsa da ɗan tsiro a leda. Shi kuwa dashen Agusta, abin da ke kashe shi sananne ne: ruwan sama yana ɗaukewa bayan wata biyu, awaki su bi ta kansa, babu wanda aka ɗora wa alhakin ban ruwa. Duk tsiron da bai samu shinge da mai shayar da shi ba har ya ƙetare bazara biyu, da wuya ya rayu.

Wata malamar makaranta daga Harobanda ta ce:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa a kan zafi, sai dai ina roƙon a bambanta ruwa iri biyu. Akwai ruwan saman da ke sauka a cikin gari ya rasa hanyar wucewa, akwai kuma cikar kogin Isa, wato kogin Neja. A watan Satumba na 2020 kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, shingen da ke kare mu ya fashe, unguwannin Lamorde da Kirkisoye suka cika da ruwa. Da idona na ga mata suna ɗauke da katifu a ka, ruwa ya kai musu ƙugu, kuma azuzuwan makarantu ne suka zama masaukin jama'a. Wannan jan ruwa daga kogunan Sirba da Dargol da Goruwal yake gangarowa, daga wajen Burkina Faso, ɗauke da yashin da ke cike cikin kogin, don haka itacen ƙofar gida ba zai tsayar da shi ba. Abin da zai taimaka shi ne a bar wa kogi fadamarsa, a bar ta ga shinkafa da garake, a daina yanka filayen zama a inda kowane dattijo ya san ruwa yana kwana. Haka ma kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari: da an kwashe sharar da ke toshe shi, an kiyaye garaken bakinsa, da ya zama hanyar ruwa da damina kuma wurin shan iska da bazara.

Wani ɗan Tawa mazaunin Yamai ya ƙara da cewa:

Malama, na yarda da ke, amma ruwan titi da ɗan'uwanmu ya yi kuka da shi yana da magani a kusa. A ƙasar Adar, wajen Illela da Badagishiri, manoma sun farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa tassa da rabin wata, ramukan da ke tare ruwa ya nutse a gindin shuka maimakon ya gudu da ƙasa. Ban ga abin da zai hana a yi haka a gefen titunan unguwa ba, a dasa itace a cikin ɗan kwari yadda ruwan indararo zai gangara gindinsa, a kuma nisanta ramin daga katangar laka. Sharaɗi ɗaya ne, wato ruwan ya tsotse cikin kwana ɗaya ko biyu, domin idan ya daɗe kwance sauro zai hayayyafa, mu sayo wa yara zazzaɓin cizon sauro.

Mazaunin Talaje ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa mai unguwa maganar bayan sallar Juma'a, mu fara da gidaje goma na layinmu, kowane gida ya ɗauki itace ɗaya da shingensa. Baba, wane iri ne ya fi dacewa da titi mai ƙunci, wanda saiwarsa ba za ta fasa mana gini ba?